Masu Kira a Kwarin Kaba

Da Balki ta gama wankan jego ta yi arba'in, ba inda take ɗokin zuwa kamar wurin yayarta A'ishatu. Dangin da ke cikin Matameye duk ta zagaya su da jaririn, kowa ya ɗauka ya sa albarka. Saura Yaya kaɗai, wadda ke aure a Kwarin Kaba, wani ɗan ƙauye a bakin korama, can wajen hanyar Ɗan Barto.

A'ishatu ba ta zo suna ba. An aika mata da goro, an gaya mata sunan mahaifinsu aka mayar wa yaron, Inusa. Ɗan aike ya dawo ya ce har rangaɗa guɗa ta yi, ta ce tana nan tafe. Daga nan shiru. Wannan shirun ya hana Balki sukuni, don A'ishatu ce ta goye ta bayan rasuwar uwarsu, kuma ba halinta ba ne ta ce za ta zo ta fasa.

Mijinta Illa, mai sayar da rake a kasuwa, bai so tafiyar ba. Shekarar ce Nasara suka matsa da kamen maza, wasu a kai su saran hanya, wasu a kai su yaƙi wata ƙasa bayan teku. Namiji mai ƙarfi ba ya son a gan shi a kan hanya. Amma Balki ta daina cin abincin kirki, dare ya yi sai juyi take a kan gado. Ran nan ya ce ta shirya, ko ba komai ya yiwo lodin rake.

Suka fita da hantsi, ita a kan jaki da goyo, shi a ƙasa yana kora.

"Duk wanda ya tare mu ya tambaye ki ko ni wane ne, ki ce baƙo ne daga Dawce," in ji shi. "Yanzu ba a ba mutum suna a hanya. Da suna suke kama mutum."

"To, Maigida."

Ba su yi nisa ba suka hango ƙura. Illa ya ja jakin suka kutsa cikin gonar gero suka durƙusa. Gardawan Nasara ne, masu kamen maza, a kan dawakai, da maza a ɗaure da igiya ɗaya suna bin su a ƙasa. Maimakon su wuce, sai suka sauka a gindin wata tsamiya dab da gonar, suka yada zango. Balki ta ba yaron nono, ta sake ba shi, gumi na bin bayanta, tana addu'a kada ya yi kuka. Sai da la'asar ta yi sanyi mahayan suka tashi.

Shi ya sa rana ta kusa faɗuwa kafin su bar babbar hanya su kama ƴar siririyar da ke gangarawa kwari.

Abin da Illa ya fara lura da shi gonaki ne. Gero ya nuna har zangarniya na sunkuyawa, tsuntsaye sun rufe shi suna ci, ba mai kora. Da suka sauka fadama sai ga rake a tsaye, ya yi kauri, wani ya kwanta ya fara ruɓa.

"Mutanen nan lafiya?" ya ce. Bai jira amsa ba.

Iskar ta sauya. Sanyi ya taso daga ƙasa, da warin laka da ruɓaɓɓen ganye. Giginyu da goriba suka yi baƙi a jikin jan sama. Ga korama nan shimfiɗe, bado ya rufe rabinta, ruwan ko motsi ba ya yi. Balki ta san wurin nan. Duk zuwan da ta yi a baya, tun daga nan kwaɗi ke cika mata kunne, sauro na bin wuya. Yau ba kwaɗo, ba gyare, ba sauro.

A gindin wani gawo jakin ya tsaya. Illa ya buga, ya ja, ya yi tsaki. Jakin ya kafe ƙafafu, kunnuwa a miƙe, jikinsa na rawa. Dole ta sauka, suka ɗaure shi a nan, suka ƙarasa a ƙasa.

Da ta ga hayaƙi na tashi a bayan danga, sai ta ji zuciyarta ta ɗan kwanta. Akwai mutane. Ga mata can a bakin wani gida suna daka, taɓare na hawa suna sauka. Ga dattawa zaune a ƙofar zaure.

Sai da suka matso ta gane abin da ke damunta. Taɓaren na sauka cikin turmi, amma ba ta jin lugude. Ta sa yatsa ta sosa kunne. Tana jin takun Illa, tana jin numfashin yaron a bayanta. Dakan ne ba ta ji.

Illa ya yi sallama. Dattawan suka ɗago kai gaba ɗaya.

"Sannu, sannu," suka ce. "Sannu da zuwa."

Ba wanda ya amsa sallamar. Lawwali, mijin A'ishatu, ya taso daga cikinsu yana murmushi, ya kama hannun Illa ya zaunar da shi a tabarma. Wani dattijo ya tambaye shi ko shi wane ne, ya ce baƙo ne daga Dawce. Balki ta durƙusa ta gaishe su, ta wuce cikin gida.

A'ishatu na zaune a gaban murhu, ta ba ƙofa baya.

"Yaya!"

Ta juyo a hankali. Fuskarta ce, da ƴan tsagen kumatunta, da wushiryarta. Balki ta faɗa jikinta, hawaye na zuba, tana cewa me ya hana ki zuwa, na yi ta duban hanya. Jikin sanyi ƙalau, kamar randa. Zanenta a jiƙe.

"Daga korama kike, Yaya?"

"Daga can nake, ƙanwata. Zauna."

Ta zauna a kan tabarma. Tabarmar ma da danshi. Ta miƙa hannu wajen murhu don ta ji ɗumi. Wutar na ci, harshenta na lasar tukunya, amma ba zafi, hayaƙin kuma ba ya yaji a ido. Ta janye hannun ta ɓoye a cinya.

A'ishatu ta ajiye mata ƙwarya. "Sha. Kin sha hanya."

Ta ɗaga ƙwaryar da bisimilla. Yayar ta kau da kai kamar an watsa mata yaji. A saman furar wani kore-kore ne ke yawo, irin gansakukar da ke kama dutse a ruwa. Balki ta kai bakinta, ta yi kamar ta kurɓa, ta ajiye.

Rana ta faɗi. Ta kasa kunne ko za ta ji kiran salla daga ɗan masallacin da ke bayan dangar. Shiru.

"Kwanto shi in gan shi," in ji A'ishatu.

Abin da ta zo yi ke nan. Kwana da kwanaki tana ƙissima yadda za ta ɗora shi a cinyar Yaya. Hannunta ya kai ga majanyi, ya kama ƙullin, ya tsaya.

"Barci yake, Yaya. Bari ya farka."

"To. Me aka sa masa?"

Balki ta yi ƴar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Haba Yaya. Ai an aiko miki."

"Na manta. Faɗa mini."

"Mai sunan Baba ne."

"Baba wa?"

Balki ta ƙura mata ido. Ɗan fari ne, uwa ba ta kama sunansa. Sunan mahaifinsu ne kuma, wanda su biyun ba su taɓa furtawa ba tun suna yara. A'ishatun da ta sani, da ta ji wani ya matsa mata ta faɗa, ita za ta fara tsawatar masa.

Sai ta tuna wani abu. Tun shigowarta matar nan ba ta kira ta da suna ba. Ƙanwata kawai take cewa. Yayarta kuwa, tun daga nesa take kwaɗa mata kira har maƙwabta su leƙo.

Ta dubi ƙasa. Inda matar ke zaune ruwa na tsattsafowa daga rairayi, yana malalowa a hankali wajen tabarmarta.

"Faɗa mini a kunne," matar ta ce da raɗa. Ta matso. Idanunta ba sa ƙiftawa. "Ba wanda zai ji. Ni da ke."

Numfashinta warin ƙasan rijiya.

Matan da ke daka sun shigo. Ba ta ji shigowarsu ba. Suna tsaye a jikin danga, taɓare a hannu, gefen zannuwansu na ɗiga.

Daga zaure ta ji muryar Lawwali.

"Ƙara sha, baƙon Dawce. Ka ƙi gaya mana naka, to na ɗan fa?"

Sai muryar Illa, a sanyaye, tana jan kalma kamar ta mai magagi. "Yaron... sunan surukina aka mayar..."

"Madalla. Wane ne sunan?"

Ya sha. Ta gane ya sha.

Ta zabura. Hannu mai sanyi ya kama majanyinta ta baya, ta fizge, ta ji tsumman ya yage. Ta tallafe yaron da hannu ɗaya ta faɗa zaure. Illa na zaune, ƙwarya a cinya, ruwa ya kai masa idon sawu, dattawan sun kewaye shi sun sunkuyo da kunnuwansu wajen bakinsa. Bakin ya buɗe.

"Maigida!"

Bai ji ba.

"Maigida, tashi!"

Leɓɓansa suka motsa.

Tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko a bayan idonsa. Ta buɗe murya iya ƙarfinta.

"Illa!"

Ya firgita kamar an mare shi. Ƙwaryar ta kife. Ya dube ta, ya dubi ruwan da ke ƙafarsa, ya ce, "Innalillahi."

Dattawan suka ɗago kai.

Sai Lawwali ya yi murmushi. Ya juya kalmar a bakinsa kamar mai ɗanɗana gishiri.

"Illa," ya ce.

"Illa," dattawan suka ce.

"Illa," matan suka amsa daga cikin gida.

A nan ta san abin da ta yi.

Ta damƙi wuyan rigarsa suka fita da gudu. Hanyar da suka biyo a bushe ta zama taɓo, yana kama ƙafa yana saki da ƙyar. Ta juyo da yaron gaba, ta danna kunnensa ɗaya a ƙirjinta, ta rufe ɗayan da tafin hannu. A gindin gawo igiya kawai suka tarar, a tsinke.

Ba wanda ya bi su da gudu. Muryoyin ne suka biyo su, ta cikin rake, ta dama da hagu, a hankali, kamar masu neman ɗan akuya da ya ɓata.

"Sallau..."

"Idrisa..."

Sunaye suke gwadawa. Suna kira, su dakata, su saurara.

"Mussa..."

Yaron ya motsa. Ta ƙara danne shi.

"Shekarau..."

"Inusa..."

Ta cije leɓe har ta ji gishirin jini. Ba ta tsaya ba, ba ta ƙara sauri ba, ba ta bari ƙafarta ta sauya taku ba. Ta ji wuyan Illa ya yi tauri a ƙarƙashin hannunta. Raken ya yi shiru yana saurare.

Taku ɗaya. Wani takun.

"Isufu..." muryoyin suka ci gaba.

Tudu ya bayyana a gabansu, farin rairayi a cikin duhun magariba. Saura kaɗan.

Sai wata murya daban ta taso daga bakin ruwa, ta tsohuwa, mai taushi.

"Illa. Zo ka ci tuwo, ya huce."

Ya tsaya cak.

"Inna ce," ya ce.

"Inna ta rasu, Maigida. Kai ka sa ta a kabari."

"Illa, ɗana."

Ya juya. Ta ja, ya fi ƙarfinta, ya fara jan ta baya zuwa kwari. Ruwa ya taɓa dugaduganta. Ba ta da hannu na uku. Ta sunkuya ta kafa haƙora a damtsensa, ta cije har sai da ya yi ƙara. Ta fara a'uziyya da ƙarfi a kunnensa, tana maimaitawa, tana tura shi da kafaɗa. Ya kama a bakinta. Da rarrafe suka hau tudun.

Suna kaiwa sama, kwaɗi suka ɓarke da kuka a kwarin gaba ɗaya. Ta waiga. Ba hayaƙi, ba wuta. Bukkoki ne baƙaƙe, wasu rufinsu ya faɗa ciki.

Wani Bafillace suka tarar a rugarsa can gaba, jakinsu na tsaye a cikin shanunsa yana haki. Da ya ji daga inda suke, sai ya ja da baya ya ƙare musu kallo.

"Kwarin Kaba? Ai ba kowa can. Tun kafin gero ya fid da kai suka ji za a zo kamen samarinsu, suka kwashe a dare ɗaya suka ƙetara zuwa ƙasar Daura. Ko shanuna ba na kaiwa ruwan nan yanzu. Gida in ya zauna ba mutum, ai ba ya zama haka nan."

Gaskiya ya faɗa. Bayan girbi wani falke ya kawo saƙon A'ishatu: tana lafiya, tana gaida mai sunan Baba.

Yaron bai sami komai ba. Illa ne bai dawo daidai ba. Da rana ras yake, yana kasuwa yana ciniki yana raha. Amma da rana ta yi ja sai ya ajiye abin da ke hannunsa, ya karkata kai kudu, ya ce, "Kin ji?" Malam ya yi masa rubutu ya sha, aka yi turare, aka yi sadaka. Abin ya ragu, bai tafi ba.

Balki ce ta samo dabara. Kullum in magariba ta gabato sai ta zaunar da shi kusa da turmi, ta ɗauki taɓarya ta yi ta lugude, ko da ba komai a ciki, don ƙarar ta danne kiran, har liman ya sallame. Tsofaffin unguwa suka yi ta faɗa, wai ba a daka da magariba. Haka ta yi har yaron ya fara gudu a tsakar gida, tafin hannunta ya yi kanta.

Wata damina zazzaɓi ya kayar da ita. Ta kwanta da la'asar don ta ɗan huta, ta ce wa Illa ya tashe ta. Da ta buɗe ido an idar da salla. Tabarmarsa na nan, carbinsa na kai. Sawunsa ya fita ƙofa ya nufi kudu. Maza suka bi shi da fitilu har tudun nan, suka ga inda ya gangara. Ba wanda ya yarda ya sauka.

Ba ta sake aure ba. Yaron ya girma kowa na ce masa Baba, har mutanen unguwa suka manta yana da wani suna.

Maƙwabta sun ce duk damina, in korama ta kawo, akan ji mutum a bayan dangar Balki da magariba. Ba ya sallama. Yakan tsaya ya daɗe, ruwa na ɗiga daga rigarsa, sannan ya ce a hankali, "Ke. Kuna lafiya?" Bayansa kuma akan ji wasu suna raɗa, suna matsa masa, faɗi, faɗi.

Wata ƙawarta ta taɓa ce mata ta tashi daga gidan nan, ta koma cikin gari inda ba zai same ta ba. Balki ta girgiza kai.

"Ya san sunana, ya san na yaron," ta ce. "Shekara nawa suna tsaye a kansa, bai ba su ko ɗaya ba. In ya zo bai tarar da kowa ba, wa zai gaya masa muna lafiya?"

Ba ta taɓa buɗe ƙofar ba. Takan matso jikin dangar ne, ta ce, "Lafiya lau, Maigida." Sai takun ya juya, ya yi kudu.